Zaman da Ba a Shafa wa Fatiha Ba

Safiyar ranar, abin da ya dame ni bai wuce kitson Zuwaira ba. Ta ƙi zama. Ina kama gefe guda tana juya kai tana leƙen ƙofa, don ta san yau ranar zuwa ruga ce, kuma a ruga ana ba ta nono mai ɗumi da aka tatso a gabanta. Na ce mata in ba ta tsaya ba, ƙawata Adama ta ruga za ta yi mana dariya ta ce ɗiyar Kaɗo ba ta da uwa. Ta kwashe da dariya, ta tsaya. Shekarunta tara. Ita ce autata.

Babanta, Malam Isuhu, yana bakin rumbu yana murza igiyar ɗaurin dami. Kaka ta shigo. Gero ya nuna, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Mata biyu suka biyo ta ƙofarmu daga rijiya, tuluna a kai, suna hira.

"Inna Hajo, kin ga ƙofar Alhaji Tanimu? Ya shafa mata shuɗin fenti, sai walƙiya takai."

"Ya kwashe iyali zuwa biki Maraɗi, shi kuma ya zauna yana yi wa ƙofa kwalliya."

Muka yi dariya. Na ce su gaggauta su dawo, akwai hura da za a dama wa baƙi.

Ba zan faɗi sunan garinmu ba. Akwai waɗanda suka koma, ba na son in ja musu wani abu. Yana kudu da Gidan Rumji, ba nisa da iyaka. Kudu da mu kuma, bayan fadama, akwai rugar Fulani da ta zauna nan tun zamanin kakan Ardon yanzu. Sunana Hajara. Aikina sasanta mutane.

Ba wanda ya naɗa ni. Uwata mai sayar da hura ce, ni take aike sayen nono tun ina ƙarama, a bakin matan ruga na tsinci Fillanci. Bayan na yi aure, wata rana aka yi faɗa a rijiya kan guga tsakanin matan gari da matan ruga. Kowace tana zagi, ɗaya ba ta jin ɗaya. Na shiga tsakani. Abin da kowa ta faɗa na mayar wa ɗayar, amma na bar zagin a ƙasa, na ɗauki buƙatar. Aka rabu lafiya. Daga nan maza suka fara kirana in yi musu tafinta daga bayan zana. Da tafiya ta yi tafiya aka shimfiɗa mini tabarmata a gefen tasu. Da na yi yaƙi da jahilci aka sa ni cikin komite na sulhu. An kai ni Agiye horo. An kira ni Cadakori kan mashaya. An kira ni har Gangara, can Gazawa, kan burtalin da manoma suka cinye. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki.

Ina da ƙa'ida biyu, kowa ya san su. Ta farko, ba a zama a tabarmata da ƙarfe ko sanda. Duk wanda ya zo, zai bar abin hannunsa a gidana, a jingine a bangon zaure, in zagaya su da igiya. Ta biyun daga kakata na ji ta, ta ce haka magabata suke yi. Ranar zama, sai in kai ɗana ruga, su kuma su ba ni nasu ya wuni a ɗakina. Wanda ɗansa ke hannun wani ba ya ɗaga murya. Ba a mayar da yara sai an shafa fatiha an tashi. Kafin nan, ɗansu nawa ne, nawa nasu ne. Da ɗana na fari na fara. Da ya girma ya tafi Maraɗi neman sana'a, sai Zuwaira ta gaje shi. Ba a taɓa samun matsala ba.

Abin da ya kawo zaman ranar, shanu ne suka shiga dawar wani, samarin gari suka kama makiyayin suka karya masa hannu. Da a da ne, ƙaramin abu ne. Amma a shekarun nan ƴan bindiga sun cika dajin iyaka, kowa na kallon kowa. Mutanen gari suna cewa ƴan ruga ne idonsu. Ƴan ruga suna cewa su ma an kore musu shanu, kuma ba a daji ake sayar da shanun ba.

Alhaji Tanimu shi ne shugaban komite. Dillalin hatsi da dabbobi ne. Mun daɗe muna zama tabarma ɗaya da shi. Ya ci tuwon gidana, na je sunan ƴaƴansa. Shi ya zaɓi ranar. Shi ya ce wannan karon kowa da kowa zai zo, har samarin da ke kiwo, a tara shanu a fadama a bar tsofaffi da yara su duba su. Ya ce sulhun da babu samari ba ya ɗorewa. Na ga gaskiyarsa. Ni na je ruga da ƙafata na roƙi Ardo, har ya amince.

Da hantsi Adama ta iso. Matar ƙanen Ardo ce, ƙawata ce tun muna ƴan mata. Tana ɗauke da ƙwaryar kindirmo, tana riƙe da hannun ɗiyarta Dija. Dija ba ta kai Zuwaira ba, ƴar siririya, da warwaro a hannu biyu. Adama ta kama kan Zuwaira ta juya shi gefe da gefe.

"Wannan ne kitson? Hajo, sharar tsakar gida kika yi ko kitso?"

Na ce, "Ke dai ki dawo mini da ita da kanta a wuyanta."

"Zan dawo miki da ita da kan mutane. Ke dai ki ciyar da tawa, kada ki cika mata ciki da miyar kuka."

Muka yi musaya a bakin zaure kamar kullum. Na sa hannun Zuwaira cikin nata, ta sa hannun Dija cikin nawa. Zuwaira ba ta waiwayo ba. Tana tsalle a gaban Adama har suka shige dawa.

Maza suka fara zuwa. Na gari suka kawo adduna da gatura da kwari da baka, da bindigogin toka na maharba. Na ruga suka kawo sanduna da takubba. Na fara jingine su a bangon zaure. Sai Alhaji Tanimu ya zo, cikin farar riga, ya ce yau mutane sun yi yawa, zukata kuma da zafi, igiya ba za ta isa ba. A shigar da su shigifata ta ajiya, ɗakin ƙasa da ke cikin gida. Ya ciro sabon kwaɗo daga aljihu. Mijina ya ce ba a taɓa yin haka ba. Alhaji ya ce ba a taɓa tara mutane haka ba. Aka kwashe kaya aka shigar. Ƙofar shigifar ta ƙarfe ce. Ya datse kwaɗon, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Aka zauna gindin tsamiya, gabas da masallaci. Maigari da mutanensa ta arewa, Ardo da nasa ta kudu, ni a tsakiya daga gefe. Liman ya buɗe da addu'a. Alhaji ya miƙe ya ce ya manta goron sulhu, zai ɗauko a ƙauyen gaba, mu fara. Ya hau babur ɗinsa ya yi arewa.

Mai gona ya yi magana, aikina in juya ta zuwa Fillanci. Na juya. Uban makiyayin ya yi magana. Na juya. Rana ta kusa tsakiya, inuwar tsamiya ta tattaru a gindinta, mutane suna matsowa kusa da juna don su samu inuwa. Na ji daɗin ganin haka. Ardo ya karɓi magana. Yana cewa kakansa da kakan Maigari rijiya ɗaya suka haƙa.

Na buɗe baki zan juya, sai na ji ƙara daga kudu. Kamar injin niƙa daga nesa. Ardo ya waiwaya. Tsuntsayen da ke kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya. Ƙarar ta rabu biyu, wata ta yi yamma da gari, wata ta nufo mu. Babura ne, da yawa.

Harbin farko daga fadama ya fito. Shanu suka ɗauki kuka. Na biyu a bayan masallaci.

"Kowa ya kwanta!"

"Wanda ya motsa ya mutu!"

Fuskokinsu a naɗe. Wasu da Hausa suke ihu, wasu da Fillanci. Ba su tambayi wane ne na gari wane ne na ruga ba. Ardo ya miƙe, hannunsa a sama. Shi suka fara harbi. Ya faɗi a kan tabarmar Maigari.

Mutane suka watse. Duk wanda ya tashi, gidana ya nufa, na gari da na ruga, suna ture juna a bakin zaure. Ni ma can na nufa, ba don shigifa ba, don Dija. Na bi ta ɓaraka a zanar baya. Na tarar da tsakar gidana cike da maza. Suna jijjiga ƙofar ƙarfe. Kwaɗon bai motsa ba.

"Mabuɗi! Ina mabuɗi?"

"Hajo, mabuɗi!"

Na ce yana wurin Alhaji. Ban san ko an ji ni ba. Malam Isuhu ya ɗauki taɓaryata yana dukan kwaɗon. Ƙarfe yana ƙara, itace yana tsagewa. Ya juyo ya gan ni.

"Ɗauki yarinyar ki fita!"

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji.

Dija tana ɗaki, ta shige bayan tukunyar ruwa, ludayin hura a hannunta. Na finciko ta. Kafin mu kai zana babura sun tsaya a ƙofar gida. Na tura ta ƙarƙashin rumbu, na bi ta na kwanta a kanta, na toshe mata baki. Daga nan ƙafafu kawai nake gani. Harbi ya cika gidan. Ƙarar taɓarya ta ci gaba kaɗan. Sannan ta tsaya.

Warin hayaƙi ya taso. Suna bi gida gida suna sa wuta. Wani yana tsaye a bayan zanarmu, kusa da kaina, yana ba da umarni da babbar murya.

"Rumbuna ku kwashe kafin ku ƙona!"

"Gidan mai shuɗiyar ƙofa ku bar shi! Kar wanda ya taɓa shi!"

Ya maimaita. Ban ji kuskure ba. Ƙofa ɗaya ce shuɗiya a garinmu, kuma satin nan aka shafa ta. Ina kwance a kan ɗiyar Adama, fuskata cikin kashin kaji, na ga abin daga farko har ƙarshe. Ranar da Alhaji ya zaɓa. Samarin da ya ce a kira. Shanun da ya ce a tara. Kwaɗon. Goron. Duk da hannuna aka yi, da bakina, da sunana da mutane suka yarda da shi.

Da ƙafafun suka matsa gaba, na ja Dija muka bi ta ɓarakar zana muka faɗa dawa. Ban duba ƙofar shigifa ba. Na san abin da ke wurin.

Cikin dawa na tsaya. Kudu ruga take, can Zuwaira take. Hayaƙi yana tashi daga can, baƙi, ya fi na garinmu. Ƙasa tana rawa da takun shanu ana kora su. Harbi bai tsaya ba ta wajen. Ƙafafuna suka fara tafiya kudu da kansu. Dija ma tana ja na can, tana kiran uwarta ƙasa-ƙasa, "Dada, Dada." Na yi ƴan taku na tsaya. In na je, ɗiyar mutane zan kai bakin bindiga. Ba a shafa fatiha ba, tana wuyana. Na ce wa kaina, abin da nake yi wa tata, shi Adama take yi wa tawa yanzu. In kowa ta riƙe ta hannunta, za mu haɗu mu yi musaya. Na juya arewa.

Muka bi gonaki, ba mu hau hanya ba. Ganyen dawa yana yankar fuska. Takalmina ɗaya ya tsinke, na yar da ɗayan. Lokacin azahar ya yi, ba a kira salla ko'ina ba.

Inda gonaki suka ƙare muka fito kan turba, sai ga amalanken Sale, ƙanen mijina, cike da mata da yara na garinmu. Na ɗaga hannu. Ya ja wa jakin linzami. Na kama gefen amalanken zan ɗora Dija. Wani hannu ya ture ta. Mariya ce, maƙwabciyata, wadda da safe muka yi dariyar ƙofa da ita.

"Ba da wannan ba."

Na ce, "Mariya, yarinya ce."

"Danginta sunka kashe mu! Ke kinka tara mazanmu, kinka kulle musu makamai, kinka kira ƴan uwanki!"

Na ce an kashe Ardo a gabana. Na ce kwaɗon na Alhaji ne. Na faɗi abin da na ji a ƙarƙashin rumbu. Muryata ba ta da ƙarfi, ba ta taɓa yi ba. A tabarma ana yin shiru a saurare ni. A nan ba wanda ya yi shiru. Na dubi Sale. Ni na yi masa hidimar aure. Ya kau da kai.

"Ki aje ta ki hau, Yaya. In ba haka ba, ba ni iya miki."

Ban saki hannunta ba. Ya bugi jakin. Babu wadda ta waiwayo a cikinsu, kuma babu wadda ban taɓa shiga ɗakinta don kashe wata wuta ba.

Muka koma cikin sabara. Na zaunar da Dija tsakanin ƙafafuna. Na cire mata warwaro, na binne a gindin kalgo. Na warware kitson da uwarta ta yi mata, silili ɗaya bayan ɗaya, da ƙaya. Na san ina ja mata gashi. Ba ta yi kuka ba. Na yaga kallabina biyu na ɗaura mata rabi. Na ce mata da Fillanci, daga yanzu kada ta yi magana da harshen gidansu, ko an tambaye ta. Ta gyaɗa kai.

Bayan la'asar muka kai gulbi. Ƙafarta ta fashe, na goya ta. A mashigin akwai ƴan banga na wani ƙauye, da bindigogin toka da adduna. Labari ya riga mu. Suna tare mutane suna duba fuska. A gefe sun zaunar da wani tsohon Bafillace a rana, hannunsa a ɗaure.

"Tsaya nan! Sauke ta!"

Na sauke ta.

"Ɗiyar wa ce?"

"Tawa ce."

"Ba ta yi kama da ke ba. Ke yarinya, mi sunanki? Yi magana!"

Dija ta kama zanena. Ta ɗaga kai ta dube ni. Da Hausar da ta koya wajen wasa da Zuwaira ta ce, "Inna, ruwa nika so."

Akwai wani dattijo a cikinsu da na taɓa raba shi da makiyaya kan gonar wake. Ya san ni. Ya san ƙa'idata, ya san ɗiyar wa nake riƙewa ranar zama. Ya dube ni, ya dubi yarinyar. Bai gaishe ni ba. Ya ce da samarin, "Ku bar su su wuce." Na so in yi magana kan tsohon da ke ɗaure. Shekara ashirin, wannan ne aikina. Na buɗe baki, Dija ta matse mini yatsa. Na rufe. Muka tsallaka. Ban san abin da ya same shi ba.

Ana kiran magariba muka shiga Gidan Rumji. An buɗe wa masu gudu filin lakol, makarantar boko ta garin. Mutanen garinmu suna can. Da na shimfiɗa zanena, na kusa da ni suka ja tabarminsu suka matsa. Wata mata ƴar garin, wadda ba ta san ni ba, ita ta kawo mana ruwa da tuwo.

Da gari ya waye jandarmomi, jami'an tsaro, suka raka maza suka koma binne mutane. Da guduma aka fasa kwaɗon. Sanduna da adduna suna ciki, a jere yadda aka aje su. Malam Isuhu yana bakin ƙofar, taɓaryar a ƙarƙashinsa. Kusa da shi samarin gari da samarin ruga, a haɗe. Gidajen da ke layin masallaci duk sun ƙone, ban da ɗaya. Ruga kuwa toka ce, babu kowa. Waɗanda suka tsira sun ɗauke matattunsu sun shiga daji. Ba a ga Zuwaira ba. Ba a ga Adama ba. Na riƙe wannan a matsayin labari mai daɗi.

Na faɗa wa dattawan garinmu abin da na ji. Suka ce ƙofa ba shaida ba ce. Suka ce wuta takan tsallake gida. Suka ce mace mai takaba ta yi haƙuri ta kama bakinta.

Ana cikin zaman makoki Alhaji Tanimu ya zo filin lakol da mota cike da buhunan gero. Yana hawaye. Ya ce Allah ne ya fitar da shi da goron nan. Mutane suna layi suna sa masa albarka. Mariya tana gaba. Da ya iso inda nake ya durƙusa.

"Inna Hajo, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

Na ce, "Alhaji, mabuɗin shigifata."

Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. Ya ce ya faɗi a hanya. Ya sa yaransa su aje mini buhu. Ya dubi Dija, ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta ɓuya a bayana. Washegari na ɗauke ta muka bar lakol, muka koma ɗakin da matar nan mai tuwo ta ba mu a bayan gidanta. Buhun na bar shi inda aka aje shi.

Da na fita takaba, kowace ranar kasuwa sai in kama hannun Dija mu je inda masu nono ke zama. In tsaya in gaishe su da Fillanci, in tambaya ko an ga Adama matar ƙanen Ardo, da wata yarinya Bahausa. Da farko ba sa amsawa. Su ma an gaya musu ni na kira mazansu aka kashe. Na ci gaba da zuwa. Sanyi ya fita. Na ɗinka wa Zuwaira riga, don na san rigar da ta tafi da ita ta tsufa.

Ana cikin zafin bazara, wata ranar kasuwa, Dija ta saki hannuna ta ruga ta faɗa jikin wata tsohuwa. Nenne ce, uwar mijin Adama. Ta rame har ban gane ta ba. Ba ta da ƙwarya, a gefen wata take zaune. Ta shinshina kan yarinyar, ta daɗe. Sannan ta ce in zauna.

Ta ce Adama ta warware kitson da na yi. Ta zaunar da Zuwaira gindin gawo tana yi mata nasu, ta gama gefe ɗaya, sai babura suka iso. Ta ce Adama tana iya gudu ita kaɗai, mai sauri ce. Amma ta goya Zuwaira, duk da girmanta, ta ɗaure ta da zane biyu. Sun kusa shiga dawa. Harsashi ɗaya ne. Ta ce ba su kwance goyon ba sai da za a yi musu wanka. Gindin wani gawo aka sa su, kusa da juna. Uban Dija kuwa yana cikin waɗanda aka samu a tsakar gidana.

Kasuwa tana ci a bayanmu. Wani yana tallan gishiri.

Na kama hannun Dija na miƙa wa tsohuwar. Na ce ga amanarku, lafiya lau, ban da warwaronta da na binne. Nenne ba ta karɓa ba. Ta ce ba ta da saniya, ba ta da bukka, a hannun mutane take kwana. Ta dube ni.

"Zaman nan naku, an shafa fatiha?"

Na ce ba a shafa ba.

"To, tana hannunki."

Damina biyu ke nan. Wasu sun koma garinmu, ni ban koma ba. Ina dama hura a bakin tasha. Alhaji Tanimu yana Maraɗi, an ce harkarsa ta bunƙasa, an ce har yanzu ana kiransa taron zaman lafiya ya ba da labarin yadda ya tsira. Sale ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga waje, ya aiko a gaishe ni.

Bara mutanen Gangara suka aiko. Rikicin burtali ya dawo, suna son in zo kamar da. Na ba manzon ruwa ya sha. Na ce ya gaishe su, ya ce musu ba ni da ɗiyar da zan kai ruga.

Na rasa Malam Isuhu. Na rasa Zuwaira, da rabin kitso a kanta. Na rasa Adama. Na rasa garin da in na yi magana ake yin shiru. Rigar da na ɗinka ta yi wa Dija yawa a lokacin, yanzu ta yi mata daidai. Na sa ta lakol. Da dare ina yi mata Fillanci don kada ta manta.

Ranar Juma'a nake yi mata kitso, irin na uwarta, iya yadda na iya. Tana zama tsakanin ƙafafuna. Ba ta juya kai, ba ta leƙen ƙofa. Har in gama ba ta motsi.